Kwanan Umma a Gidan Sada

Ainu Shams, Alƙahira
Farkon Satumba

Zuwa ga Gwaggo Mariama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ba ki taɓa ganina ba, kuma ba wanda ya aike ni. Na sha fara wannan takarda ina yagewa. Da hannu na rubuta ta na ɗauki hotonta na turo, domin idan na ce zan yi miki saƙon murya, na san muryata rawa za ta yi.

Ina fatan kina lafiya, da maigidanki Baba Illiyasu. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar Umma da ke tashi in ta daɗe tsaye.

Sunana Fauziyya, 'yar marigayi Malam Abakar na Jibiya. An ce mini kakanki da kakan Abbana uwa ɗaya uba ɗaya suke, ɗaya ya zauna Jibiya, ɗaya ya ƙetara Maradi. A nan aka haife ni, lokacin da Abba yake karatu a Azhar. Ya rasu ina firamare. Tun daga nan Umma ke dafa wa ɗalibai 'yan gida abinci, da shi muke rufa wa kanmu asiri. Ina aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare.

Kin san abin da ya same mu. Yayana Abdulbasit, wanda ya tafi karatun injiniya can Japan wajenku, ya rasu a sanyin bara. An gaya mana Baba Illiyasu yana cikin waɗanda suka yi masa wanka suka kai shi makwanci. Umma ba ta iya kiran kowa ba a lokacin. Allah ya saka muku da Aljanna.

Yanzu abokan karatunsa sun haɗa kai sun samo wa Umma tikiti da biza, ta zo ta ga kabarinsa a tsakiyar Nuwamba. Ita kaɗai za ta zo, ni makaranta ba za ta bar ni ba. Abokinsa Osama, Bamisire, ya ce maƙabartar Musulmin tana wani ƙauye cikin duwatsu, kuma masauki ɗaya ne kusa da ita, irin na gargajiyarsu da suke kira riyokan. Ya kama mata ɗaki na kwana biyu.

Na yi bincike a waya, abin da na gani ya tsorata ni. Wai ba gado. Wai mata suna wanka tare ba sutura. Wai abin da aka kawo shi za a ci, ba zaɓi. Gwaggo, Umma ba ta jin Turanci, balle yarensu. Daga Jibiya sai Alƙahira ta sani. Tun rasuwar Yaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi kuka a gabana ba. Wannan tafiya ce kaɗai na ga tana yi wa shiri da zuciya ɗaya. Ina tsoron kada wani abu ya kunyata ta a can, ko ita ta kunyata mutane ba da saninta ba.

Don Allah in kin san yadda ake zama a irin wannan gida, ki koya mini, ni kuma in koya mata.

'Yarki,
Fauziyya

*

Japan
Satumba

'Yata Fauziyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau. Allah ya ba Hajiya sauƙin gwiwa, ya jiƙan Abdulbasit. Wace irin gafara kike nema? Yarinyar da ta iya jera kakanni haka ai ba baƙuwa ba ce. Na karanta wa Babanki takardar, ya ce rubutunki ya fi nasa kyau, wanda ba wani abin yabo ba ne.

Na buga wa masaukin waya. Mai gidan tsohuwa ce, sunanta Sada. Kada ki yi dariya, a nan sunan mata ne. Ta saba da masu zuwa ziyarar kabari. Ga abin da za ki koya wa Hajiya.

A ƙofar shiga akwai ɗan dakali na katako. A ƙasansa ake cire takalmi, a hau, a sa silifas ɗin gida. In ta kai bakin ɗakinta ta cire silifas ɗin ma, don daɓen ɗakin tabarma ce mai kauri, da safa kawai ake taka ta. Bayi yana da nasa silifas, kuma a bayi suke kwana. Farkon zuwana na fito da su na ratsa ɗakin cin abinci ina gaisawa da kowa. Duk suka sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Ta riƙo butarta, ba za ta samu a can ba.

Gado kam babu. Da yamma ma'aikaciya za ta shigo ta shimfiɗa katifa a ƙasa. Na roƙa a ba ta ƙaramar kujera saboda gwiwa. A cikin ɗakin za ta ga wani lungu da aka sa fure da rubutu a bango. Wurin girmamawa ne, kada ta ga sarari ta ajiye akwati.

Za su ajiye mata doguwar riga ta auduga mai ɗamara. Ba dole ba ce. In za ta sa, ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa. Ni dai shawarata ta bar ta a ninke, ta sa kayanta.

Wanka gaskiya ne, tare suke yi, mata daban maza daban, cikin ruwan zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse. Amma Sada ta yarda ta ware wa Hajiya lokaci ita kaɗai, ta kulle ƙofa. Sai ta cuɗa jikinta tas a gefe kafin ta shiga, ba a kai sabulu cikin ruwan. Ki lallashe ta ta shiga, gwiwarta za ta gode mata.

Abinci na ce ban da alade, ban da giyar shinkafa da suke zubawa a miya, kuma a dafa kifin sosai. Kada ta ɗauko mana kilishi tsaraba, na san halin mutanenmu. Nama ba ya shiga ƙasar nan, karnukan filin jirgi za su tona mata asiri. Sannan ki gaya mata alƙibla a nan wajen yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka tashi da "fuskanci gabas", sai da na daɗe kafin zuciyata ta yarda.

Saura abu ɗaya. Sada ta ce tun da uwa ce za ta zo wurin ɗanta, za ta kawo tire biyu a abincin yamma, ɗaya na Hajiya, ɗaya ta ajiye gefenta da sunan Abdulbasit. Al'adarsu ce ga wanda ba ya nan. Na ga ya kamata ku sani tun yanzu, kada Hajiya ta gani bagatatan.

Ni ba zan samu raka ta ba. Kada ki tambaye ni dalili. Babanki zai tarbe ta, ya kai ta ƙauyen, ya koma aiki, ya dawo ya ɗauke ta.

Gwaggonki,
Mariama

*

Ainu Shams
Ƙarshen Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Mu lafiya, an koma makaranta, zafi ya fara sauka.

Na gode ƙwarai. Amma ina jin na ɓata komai.

Na karanta wa Umma takardarki tana yanka kuɓewa. Ta yi murmushi a wurin silifas. Da na zo kan alƙibla ta ce, "Ikon Allah, ashe akwai bayan gabas." Da na iso batun tire sai na tsallake, na wuce zuwa gaisuwa. Ta ajiye wuƙar.

"Koma baya."

"Umma, shi ke nan ai."

"Fauziyya, tun kina firamare in kin tsallake layi sai kin haɗiye yawu. Koma."

Na koma na karanta. Ta ture kuɓewar gefe. Can ta ce, "Ɗana ya mutu Musulmi. An yi masa salla. Ba gunki ba ne da za a zuba wa abinci a ajiye."

Na ce mata tsohuwar ba da mugunta take nufi ba.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan je ba. In na zauna na yi shiru, na yarda ke nan. In na ture tiren, na ci fuskar tsohuwa a cikin gidanta. Ta ina zan bi? Kuma gidan da ake ciyar da matattu, ina zan sa goshina in yi salla? Khalas, magana ta ƙare."

Ta tashi ta fito da fasfo ɗinta daga jakar tafiya ta mayar cikin durowa. Ta kwashe zannuwan da ta ninke. Har da rigar sanyin da maƙwabciyarmu ta ara mata, ta ce in mayar in yi godiya. Ban mayar ba, na ɓoye ta ƙarƙashin katifata.

Gwaggo, ko za ki iya sake kiran tsohuwar ki roƙe ta ta bar wannan abu? Ban sani ba ko hakan rashin ladabi ne a wurinsu. Osama ya ce ba wani masauki kusa, kuma gwiwar Umma ba za ta ɗauki zuwa da dawowa a yini ɗaya ba.

Sannan na karanta inda kika ce kada in tambaye ki dalili. Ba zan tambaya ba. Na san shekaru da yawa ba wanda ya neme ki daga gidanmu, sai yanzu da muke da buƙata. In ranki ya ɓaci da mu, kina da gaskiya. Wannan roƙo ɗaya kawai, ba zan ƙara ɗora miki wani ba.

'Yarki,
Fauziyya

*

Ainu Shams
Ƙarshen Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan da sauƙi.

Na ce ba zan ƙara damun ki ba, ga shi na karya alkawari. Ma'alish, ki yi haƙuri. Kullum in na sauko daga jirgin ƙasa na metro sai na duba waya kafin in tsallaka titi. Na ga takardata ta isa, ban ga an buɗe ba.

Ranar Juma'a na yi abin da ban taɓa yi ba. Ɗalibai sun zo cin abinci bayan masallaci, na tsaya bayan labule na tambayi Malam Gidaɗo, wanda ke digiri na biyu a fannin fiƙihu, a gaban Umma. Ya ce, "Hajiya, abin da mutum ya yi a gidansa bisa al'adarsa ba ya hawa kanki muddin ba ki sa shi ba. Ƙasar Allah duk masallaci ce. Ki je ki ga ɗanki."

Wani daga bayansa ya ce, "Ni dai in tiren ya rasa mai ci, a sa a jirgi a turo mini, ba ni da wannan taƙawar." Duka suka yi dariya, Malam Gidaɗo ya ce, "Kai ko tiren Fir'auna aka ajiye sai ka suɗe shi."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, na ji hukunci. Amma ba kai za ka zauna kana kallon shinkafar tana hucewa ba." Ta shige kicin.

A nan na gane ba haramcin kaɗai take tsoro ba.

Unguwarmu ba ta da nisa da filin jirgi. Da la'asar in ta hau soro kwashe shanya, nakan same ta tsaye da zani a hannu tana bin jirgi da ido har ya ɓace. In ta gan ni sai ta ce iska take sha.

Osama ya ce ba a ɗaga ranar tikitin, kuma bai san ko za a sake ba ta biza ba. In wannan ta wuce, ina jin Umma ba za ta taɓa ganin inda aka kwantar da Yaya ba, kuma ni ce na karanta mata layin. Ko kalma ɗaya ce, Gwaggo, ki turo.

Fauziyya

*

Japan
Farkon Nuwamba

Fauziyyata,

Wa alaikumus salam. Yanzu kam lafiya, alhamdu lillahi, amma an sha fama.

Ke yarinyar nan, wa ya ce miki fushi nake? Ciki ne da ni. Shekara da shekaru ina nema, na sha yin ɓari, shi ya sa wannan karon ban gaya wa ko uwata ba. Kuma ta yaya zan buɗe baki in gaya wa 'yar cikina irin wannan magana? Kwana kaɗan bayan takardata aka kwantar da ni asibiti, aka hana ni ko zama. Yarinya ta zo kafin lokacinta. Sunanta Lina. Tana cikin kwalba har yanzu, amma ta fara shan nono, kuma bakinta ya fi jikinta girma. Babanki ne ya riƙe wayata, shi kuwa in ba kira ba ne bai san ana turo komai ba. Jiya na ga takardunki biyu, na yi kuka har ma'aikaciya ta zo tana tambaya ina ke ciwo.

Daga kan gadon na kira Sada. Na gaya mata gaskiya, ban yi kwana-kwana ba. Ta yi ta ba da haƙuri har na ji kunya. Ta ce ba za ta kawo tiren ba, ba za a ma ga alamarsa ba. Ki gaya wa Hajiya wannan daga bakina.

Amma ta faɗi wata magana da nake so ki karanta mata, kada ki tsallake. Ta ce asalin tiren ba na matattu ba ne. Na matafiyi ne. In mutum ya yi nisa da gida, sai a zuba rabonsa a ajiye, da fatan duk inda yake kada ya kwana da yunwa. Ɗanta ɗaya namiji matuƙin jirgin kamun kifi ne, kullum ya tafi teku tana ajiye masa. Wata shekara jirgin bai dawo ba. Ba a samu ko gawarsa ba. Ta ce ba wanda ya zo ya ce mata ga ranar da za ta daina, sai ta ci gaba. Ta ce, "Ban san wata hanyar tarbar uwa irina ba sai wannan. Ita ta fi ni sa'a, tana da wurin da za ta je ta tsaya."

Ban ce Hajiya ta yarda da al'adarsu ba, ni ma ban yarda ba. Na dai ce ta san wace ce za ta buɗe mata ƙofa.

Ta zo da rigar sanyi mai kauri. Duwatsun nan ba sa wasa.

Gwaggonki,
Mariama

*

Ainu Shams
Ƙarshen Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Lina, ya sa ta fito daga kwalba da ƙarfinta. Ki yafe mini mummunan zaton da na yi. Mu lafiya lau. Umma ta dawo, gwiwarta ma ta yi sauƙi. Ta shiga ruwan har sau biyu, amma ta ce kada in gaya wa ɗalibai.

Ranar da na karanta mata takardarki ban tsallake ko wasali ba. Da na gama ta ce, "Ko gawarsa ba ta gani ba?" Na ce haka aka rubuta. Ta ci gaba da tuƙa tuwo har ya nuna, ta kwashe, ta wanke hannu. Sannan ta ce, "Ɗauko mini rigar sanyin nan da kika ɓoye ƙarƙashin katifa."

Kun ga juna a asibiti ranar da ta sauka, don haka abin da ya biyo baya zan ba ki. Baba Illiyasu rabinsa ta waya ya ji.

Ta ce kabarin yana gefen tudu, itatuwan wurin duk ganyensu ya yi ja. Baba ya nuna mata, ya ja baya. Ta duba yadda aka kwantar da shi, ta ga daidai ne. Ta ce ƙasar baƙa ce mai danshi, irin wadda in an shuka abu zai fito. Ta yi masa addu'a, ta gaya masa ina nan ina karatu. Daga nan ba ta ba ni sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Da yamma Sada da kanta ta kawo abinci, tire ɗaya. Ta durƙusa ta jera ƙananan kwanoni, ta zuba shayi, ba ta ɗago ido ba. Umma ta ce abincin kamar na 'yar tsana, kowane kwano loma ɗaya, amma ta ƙoshi.

Akwai abin da ba ki gaya mana ba, Gwaggo: ashe baƙo ba ya taɓa aiki a gidan. Da safe Umma ta ninke katifa, ta share ɗaki, ta ɗauki tiren karin kumallo ta bi ƙamshi har kicin, ta naɗe hannun riga ta fara wanke kwanoni. Ma'aikatan suka rikice. Sada ta shigo da sauri tana sunkuyawa tana magana. Umma ta ɗauka gaisuwa ce, ta rusuna. Sada ta ƙara sunkuyawa, Umma ta ƙara rusunawa, har gwiwa ta ƙi. Sai aka kira Baba a waya.

Ya ce, "Hajiya, me kike yi a kicin ɗin mutane? Suna tsammani kin ga ƙazanta ne!"

Ta ce, "Illiyasu, ce mata a garinmu mace ba ta ci ta bar wa tsohuwa kwano."

Suna cikin haka sai idon Umma ya faɗa kan wani kasko na baƙin ƙarfe a kan kanta, mai ramuka jere. Ta ce, "La ilaha illallahu, tanda!" Baba ya tambaya, aka ce na jikokin Sada ne, suna soya wani abu da shi da naman wata halittar teku in sun zo hutu. Umma ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Tambaye ta ko za ta ara mini, da shinkafa mudu ɗaya."

Baba ya ce, "Hajiya, ba a yin haka a nan."

Ta ce, "Kai dai tambaya."

Sada ta ba ta. Umma ta jiƙa shinkafa, aka niƙa a injin kicin, wata ma'aikaciya ta samo yis. Ta ajiye ƙullun kusa da bututun ruwan zafi ta koma maƙabarta. Kafin la'asar ya tashi har yana neman zubowa. Ta ce shinkafarsu ta fi ta tuwo danƙo. Ramukan ƙanana ne, masar ta fito kamar ƙwan zabo, amma masa ce.

Sada tana tsaye tana kallo. Umma ta sa aka sake kiran Baba, ta ce, "Gaya mata wannan ce tamu. Mu ba ma ajiye wa mamaci abinci. Masu rai muke ba, Allah ya kai masa ladan. Wannan ta Abdulbasit ce."

Gwaggo, da bakinta ta faɗi sunan. Da take ba ni labari ma ta sake faɗa.

Baba ya fassara. Sada ta yi wata 'yar magana. Baba ya daɗe bai fassara ba, sai da Umma ta ce, "Kai ma haɗiye yawu kake?" Ya ce, "Tana tambaya ko za a iya sa nata ɗan a ciki."

Umma ta ce a ranta ta san abin da malamai za su ce, kuma ba Malam Gidaɗo kusa. Ta dubi tsohuwar. Sai ta shafa mai a ramukan, ta miƙa mata ludayin.

"Ce mata ta zuba da hannunta. Ni ban san hukuncin ba. Allah ne ya san ɗan kowa."

Sada ta zuba, ta cika ramukan har suka haɗe. Umma ta riƙe mata hannu ta nuna mata yadda ake juyawa. Layin farko ya ƙone, na biyu ya yi kyau.

Suka zuba a manyan tire biyu, kowace ta ɗauki ɗaya, suka fita ƙauyen. Sada ke ƙwanƙwasa ƙofa ta yi bayani, Umma ta miƙa. Suka ba tsohon da ke share maƙabarta, da wata mata mai sayar da kayan lambu, da yara 'yan makaranta da suka sauko daga bas. Wani yaro ya ci ya dawo ya miƙo hannu biyu. Umma ta ce ba ta san lokacin da hawaye ya zo mata ba, a tsakiyar titi, da tire a hannu. Sada ta ajiye nata a ƙasa ta tsaya kusa da ita har ta gama. Sannan ta ɗauki tirenta. Suka koma gida da tire biyu babu ko masa ɗaya a ciki.

Da za ta tafi, Sada ta raka motar har bakin hanya, tana sunkuye har suka sha kwana.

Tun da ta dawo tana barci sosai. Jiya tana tankaɗe gari ta ce mini, "Abdulbasit ba ya son masa da sukari, sai da yaji, kin tuna?" Na ce na tuna. Muka yi ta hirarsa har garin ya ƙare.

Gwaggo, buƙatar da ta sa na rubuto miki ta biya, ba ni da sauran dalili. Amma ina so in ji ranar da Lina za ta koma gida, kuma Umma ta ce in an yi waya da Sada a gaya mata ƙullun ya fi kyau in ya kwana. In ba zan takura miki ba, ina neman izini in riƙa rubuto miki lokaci lokaci, ko da ba abin da ya faru.

'Yarki,
Fauziyya